Wa Zai Riƙe Maka Igiyar Baya, Yaya Garba?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, Garba mahauci, wanda makaɗa ke kira Garba Tsakar-Ƙaho.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da kai da Inna da matarmu Saude da 'yata Ummi. Ina fatan azumi yana zuwa muku da sauƙi. Idan ka tambayi lafiyata, jikina lau yake, alhamdu lillahi. Zuciyata ce ba lafiya, kuma kai ne sanadi.

Na gama gaisuwa. Malam ya koya mana a fara da sallama ko da faɗa za a yi, to na yi.

Ka san ni ba ɗan boko ba ne, allo kawai na yi, wannan rubutun ma a waya na koye shi. Da ka bar mini hanya, da murya zan aiko maka kamar kullum. Amma ka toshe lambata tun farkon azumi. In na kira ta wayar Saude sai ka ce a ce mini kana wanka. Kullum wanka, Yaya, kai da Inna sai ta yi da gaske kafin ka ga ruwa ranar Juma'a. Shi ya sa na kawo maganar nan shafina, inda mutanen garinmu da na nan Dubai za su gani. Na san kafin yamma wani zai karanta maka. Kuma ka gode wa Allah akwai azumi a bakina. Kalmomin da na tanadar maka, da na rubuta su yadda suke da ladan watan nan gaba ɗaya ya tafi.

Na ga bidiyonka. Kowa ya gani. Kana tsaye gaban teburinka na nama, ka ɗaura warki, layu har gwiwar hannu, mai kalangu yana bayanka yana zuga ka, kana cewa ranar jajiberen salla za ka koma hawan ƙaho, kuma jan bijimin Bororo za a kawo maka, wanda ya fi na bara. Ka ɗaga riga ka nuna wa duniya ɗinkin cikinka kana dariya. Mutane suna ta rubuta maka namiji, namiji, sai kai. Na bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Babu ko mutum guda a cikinsu da ya zauna da kai a asibiti.

Bari in tuna maka inda abin nan ya fito, tunda kiɗa ya sa ka manta.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai koya mana hawan ƙaho don a tafa mana ba. Aiki ne. A sayo sa a kara, a koro shi har mahauta, ya ƙi kwanciya, dole wani ya shiga ya kama kansa a kayar da shi a yanka, mutane su sami nama, mu sami tuwo. Ranar jajibere ce kawai ake ƙara kalangu da 'yan kallo, a nuna wa gari irin abin da mahauta ke fama da shi kafin nama ya isa tukunyarsu. Baba ya yi shi har ƙafarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa, kuma ban taɓa jin ya kira shi wasa ba. Cewa yake, ku tashi mu je aiki.

Igiya biyu ake ɗaura wa sa. Ka fi ni sani, amma zan faɗa maka kamar ba ka sani ba, tunda haka kake yi. Ɗaya a wuya, mutanen gaba ke riƙe da ita. Ɗaya a ƙafar baya. Mai hawa ya durƙusa gaban bijimi, ya yi kirari, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya, bijimi ya yi ta girgiza shi. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukar ce. Lokacin da hannunka ya gaji ka saki, a nan ne yake sunkuyar da kai ya nemi cikinka, kuma abin da ke hana shi isa gare ka shi ne mutum ɗaya a baya ya fizge ƙafarsa a daidai wannan lokacin. In ya ja da wuri ya ɓata, in ya makara ya kashe ka. Baba yakan ce mai igiyar baya kofato yake kallo, duk wanda ya zo ganin hawa ya koma cikin 'yan kallo.

Ka tuna ranar da ka ce ni zan riƙe maka? Baffa Isa ya ce ka haukace. Kuma yana da hujja. Ni ne na zuba maka garin barkono a wando ranar da za ka zance wurin Saude, ka yi hirar a tsaye kana taka ƙasa kamar mai jin fitsari. Ni ne na sa kwaɗo a jakar mai kalangu. Ni ne na kwaikwayi muryar Sarkin Pawa ta bayan katanga, na sa mahauta suka kwashi nama suka kai gidan da ba a biki. Duk garin nan ba mai ba ni ajiyar akuya, kai ka ba ni ajiyar ranka. Ka ce wa Baffa, yaron nan in ya sa ido a kan abu ba ya ɗaukewa, shi ya sa tsiyarsa take ci.

Na riƙe maka shekara da shekaru. Ban taɓa ganin hawanka ba, Yaya. Mutane su ce yau Garba ya yi kaza, Garba ya yi kaza, ni kofato da wutsiya kawai na sani. In an tashi tafin hannuna ya saluɓe, kai ne kake shafa mini man shanu kana cewa hannun mata gare ni. A wurin nan kaɗai ban taɓa wasa ba, kuma ka sani.

Sannan kai ka turo ni nan. Ban ce ina son Dubai ba. Kai ka je ka sami Alhajin unguwarmu mai harkar kago, wato jigilar kaya daga Dubai, ka roƙe shi ya taho da ni, ka ce 'ya'yan Inna biyu ba za su ƙare duka a gaban sa ba. A tasha, ranar da zan tafi Kano in hau jirgi, kana riƙe da jakata ka ce ka ajiye hawa, ba za ka sake durƙusa wa bijimi ba sai ranar da na dawo na kama igiya. Da wani ne da na sa shi ya dafa Alƙur'ani. Kai ne, sai na hau mota.

Yanzu bari in gaya maka yadda na sami labarinka bara, don ba ka taɓa tambayata ba.

Ranar ƙaramar salla ce. Mun sauko daga idi, na sa sabuwar jallabiya, mun taru a gidan abincin da 'yan Arewa ke haɗuwa a Al Buteen, kusa da bakin ruwa. Ana cin waina ana barka da salla. Wani ɗan kasuwa daga Kano, mai sayen turare, yana ta ƙyalƙyala dariya da waya a hannu, yana kiran mutane su zo su ga yadda sa ya yi wa wani wawa jiya a ƙauye. Ka san ni da abin dariya. Ni na fara isa. Na leƙa ta kafaɗarsa baki buɗe, na riga na shirya dariyata.

Warkin Baba na fara gani, mai facin jar fata a cinya.

Na ga ka saki wuyan, na ga ƙafarka ta taɓa ƙasa, na ga bijimin ya sunkuya. Jikina da kansa ya fizga, hannuna ya ja iska har na zubar wa na kusa da ni shayi. Amma a cikin wayar ba wanda ya ja komai. Ƙahon ya shige ƙasan haƙarƙarinka, ya ɗaga ka, ya yar. Mai wayar ya mayar da shi baya don a sake gani. Ya ƙara mayarwa. Na juya musu baya. Na fita na tsaya cikin rana, har sai da Bitrus abokin ɗakina, ɗan Kafanchan mai gyaran iyakwandishan, wanda muka gayyato cin abincin salla, ya biyo ni ya ja ni inuwa. Na kira gida, ba mai ɗauka. Tun jiya kuna asibiti, ba wanda ya ce a gaya wa ƙaninka Mudi.

Da hankalina ya ɗan dawo na sa aka turo mini bidiyon, na kalle shi ni kaɗai a kan gadona a unguwar Muraqqabat. A nan na ga abin da masu dariya ba su gani ba. Wanda ya ɗauki hoton nan ba cikin 'yan kallo yake ba. Wutsiyar bijimin ce a gabansa. Daga bayan bijimin ya ɗauka, dab da shi, daidai inda nake tsayawa. Wurin nan na san shi kamar shimfiɗata. Kuma a ƙasan hoton ga igiya nan kwance cikin ƙura, ta lanƙwashe kamar macijin da ya ƙoshi.

Ilu ne, ɗan Baffa Isa. Igiyarka a hannun hagu, waya a hannun dama, idonsa a kan wayar yana neman ka fito da kyau. Ka fito da kyau kuwa. Har Dubai aka gan ka.

Kuma Saude ta gaya mini shi ne zai sake riƙe maka bana.

Na saurari saƙon nata, na sake saurara, ko kunnena ne. Wai ya zo ya durƙusa ya yi kuka. Wai ka ce ƙaddara ce. Wai ɗan'uwa ne, ba za ka kunyata shi gaban mutane ba. To ka yafe masa, ban hana ka ba, watan yafiya ne. Ka ba shi nama, ka ba shi riga, in yana so ka ba shi teburinka. Amma igiya fa? Maganar ƙaddara kuma, ni ma na zauna gaban malam har na sauke. Ba a taɓa karantar da mu cewa ka miƙa wa mai waya igiya sannan ka ce Allah ya kiyaye ba. Malamin da ya koya mana tawakkali, da yamma shi da kansa yake ɗaure akuyarsa, har ya ja igiyar ya gwada.

Layun nan da ka jera a hannu ma kar ka nuna mini su. Na san abin da ke ciki, na sha rubuta wa malam irinsu da hannuna yana naɗewa. Addu'a ce mai kyau, ba na raina ta. Amma bara ma suna jikinka, kuma ban ga wadda ta sauko ta ja ƙafar bijimin ba.

Kwanan baya Bitrus ya nuna mini wasu Turawan Amurka a wayarsa, wai su ma suna da irin namu. Asalinsu makiyaya ne, masu manyan huluna, aikin garke ne ya zama musu wasa kamar yadda aikin mahauta ya zama mana. Su a gadon baya suke hawa, bijimin yana tsalle kamar an zuba masa garwashi. Na zauna da niyyar in yi musu dariya, ban yi ba. Na ga mai hawa da hular kwano da riga mai kauri a ƙirji. Na ga motar asibiti tsaye a bakin fili tun kafin a fara. Na ga wasu mutane a cikin filin, ba sa hawa, ba wanda ya zo dominsu, aikinsu kawai in mai hawa ya faɗo su shiga tsakaninsa da ƙaho. Na ce wa Bitrus ga 'yan'uwana nan. Na duba hannuwansu da kyau, babu mai waya. Kuma duk da wannan shiri, Bitrus ya ce ana karya su, ana tattake su, wasu ba sa tashi. To kai me ka tanada? Warkin Baba da Ilu. Bara a bayan a-kori-kura aka kwashe ka, a kan fatu, wani yana danne maka ciki da rawani har Kano.

A nan ma na ga yadda ake yi. Babbar sallar da ta wuce Alhaji ya aike ni mayanka da bijiminsa na layya. Na tafi ina naɗe hannun riga, na ce yau Larabawa za su ga ɗan mahauta. Ba wanda ya nemi taimakona. Wata siririyar hanya ce ta ƙarfe, in dabba ta shiga ba ta iya juyawa. Wani ɗan Pakistan siriri kamar tsinke ya ce yalla, wato mu je, aka yi bisimilla, khalas, an gama. Na tsaya da hannun riga a naɗe kamar wawa. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba, gani na yi kamar an raina Baba. Amma a mota da muke komawa ƙafarsa ta hagu na yi ta tunawa.

Ba cewa nake a daina namu ba. Ina son kalangu. Har yanzu in na ji shi a waya tsikar jikina tashi take, ina tura amalanke cike da kwalaye a titin Deira sai in ga ƙafata tana bin kiɗan. Masu lafiya su hau, masu hankali su riƙe musu. Kai ne ba ka cikin masu lafiya.

Kar ka musa. Na san sai ka ɗaure cikinka da zane kafin ka fita kasuwa. Na san cinyar sa ba ka iya ɗaga ta ka rataye sai an kama maka. Na san asham a zaune kake yi, a sahun baya, kusa da tsofaffi. Mutumin da ruku'u ke gagara shi ne zai rungumi wuyan jan Bororo. Ummi ta tambayi uwarta me ya sa Abba ya daina ɗaukarta a kafaɗa. Yarinyar nan ba ta kai nauyin kan sa ba, Yaya, kuma ita ka kasa ɗauka.

Na san abin da ke cin ka. Yaran kasuwa sun fara cewa Garba ya tsorata. Wani sabon yaro daga tsallaken kogi yana hawa, makaɗa sun koma bayansa, in ka wuce ba a canza kiɗa. Na san da zafi. Ni ma nan ba kowa ba ne. Ba wanda ya san ɗan gidan wa nake. Habibi zo ɗauki wannan, habibi kai wancan kwantena, tun safe har yatsuna su ƙage da jan salatif. A cunkushe muke kwana, gado kan gado, in na sama ya juya ƙura ta zubo mini a ido. Ina haƙuri da duk wannan ne saboda na ɗauka mun yi ciniki: ni in bar igiya, kai ka bar ƙaho. Na cika nawa. Da na san haka za ka yi, me ya kawo ni? Da ina can bayan bijimin nan, da bara ba ta faru ba. Wannan maganar ce take hana ni jin daɗin buɗa baki, kuma kai ka ɗora mini ita.

Na nemi in zo. Na sami Alhaji a ofis na ce ko kwana kaɗan ne ya ba ni. Ya ce goman ƙarshe ce, kayan salla sun cika sito har bakin ƙofa, kuma fasfona yana wurin sabunta biza, ko ya yarda ba inda za ni. Na yi ta magiya har ya zaci wata sabuwar tsiya ce, ya fara murmushi yana jiran ƙarshenta. Matsalata ke nan a duniya. Na saba sa mutane dariya, ranar da na zo da kuka sai aka ce na iya kwaikwayo.

To ba zan iso ba. Ranar jajibere ina nan ina ɗaure kwali. Sai na zauna na duba wa ya rage da zai iya tsayar da kai. Sarkin Pawa ba zai hana ba, taronsa ne. Baffa Isa so yake a wanke ɗansa a idon mutane. Saude ta yi kuka, ka ce mata harkar maza ce. Saura mutum ɗaya. Ka san ko wace ce, shi ya sa aka shekara ana yi mata ƙarya.

Inna har yau ta ɗauka babur ne ya kaɗe ka. Haka kuka tsara a asibiti, kai da Baffa, daga baya kuka kira ni kuka ce in riƙe bakina, wai saboda hawan jininta, wai idonta ya yi rauni ba za ta gane irin raunin ba. Don kar ta sani ne ma tun farko kuka kai wasan garin maƙwabta inda kalangu ba zai iso kunnenta ba, kuma bana ma can za ku. Na riƙe bakina. Duk Juma'a in na kira ta sai ta kai ƙarar mai babur ɗin nan da ba a haifa ba wurin Allah, ni kuma in ce amin. Ni da nake ƙarya don nishaɗi, ban taɓa yin wadda ta ƙona mini baki kamar wannan ba.

Ka san al'adar gidanmu. Baba, da gemunsa da furfurarsa, ba ya fita hawa sai ya shiga ɗakin Kaka ya durƙusa, ta dafa kansa ta ce a sauka lafiya. Kai ma haka kake yi wa Inna duk shekarun da nake riƙe maka. Ina tsaye bakin ƙofa da igiya a kafaɗa, in ta gama dafa ka sai ta juyo ta ce, kai kuma ban da shashanci. Bara ce kaɗai ka fita ba hannunta a kanka. Ka ce mata ka daina, ka bi ta bayan gida da warki cikin buhu kamar ɓarawon kaza. Ban ce shi ya jawo ba, Allah ne masani. Amma ka ɓoye mata ne don ka riga ka san amsar da za ta ba ka.

Yaya, ni ba maƙiyinka ba ne.

Kai ka goya ni ranar da fasasshiyar kwalba ta yanke ni a mahauta, jinina yana bin rigarka ta salla har gida. Kai ka miƙa wa malam bayanka ranar da na ɗinke gefen rigarsa da buzun da yake zaune a kai. Ka ce kai ne, alhali duk makarantar ta san ba ka da wannan basirar. Da Baba ya rasu ba ka yi kuka a gaban mutane ba, sai da muka je kwaso wuƙaƙensa a kasuwa, ka zauna kan kututturen da yake sara a kai ka rufe fuska da hularsa. Ni kaɗai na gani, kuma ban taɓa tsokanarka da shi ba. Ka san girman wannan a wurina.

Ba ni da wani wa. So nake in dawo in tarar da kai ka yi tumbi, kana zaune kana ba yara labarin hawanka kana ƙara gishiri, ni kuma ina gefe ina ƙaryata ka. Ba na so in dawo a nuna mini wuri a maƙabarta, Ilu yana gefe yana ce mini yana da bidiyon jana'iza in ina so.

Duk abin da ke sama kaɗan-kaɗan na rubuta shi cikin kwanakin nan, a lokacin hutu. Wannan na ƙasa yanzu nake ƙara shi, da sauri, don gara ka ji daga bakina.

Ɗazu bayan azahar na shiga bayan sito, tsakanin kwalaye, na kira Saude na ce ta kai wa Inna waya. Kar ka ga laifin Saude, ba ta san abin da zan faɗa ba. Na gaishe da Inna, ta tambayi zafi, ta tambayi abin da nake buɗa baki da shi. Sannan na gaya mata. Babu babur. Sa ne, Ilu ne, waya ce, kuma ranar jajibere za a sake. Da farko dariya ta yi, ta ce Mudi ko azumi ba ya hana ka. Ta jira in yi tawa dariyar. Da ba ta ji ta ba, tata ma ta tsaya. Na daɗe ba na jin komai sai numfashinta da kukan kaji a tsakar gida. Tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan na kashe ta, na fara kiran Inna, Inna. Ba ta amsa mini ba. Sai na ji ta ƙwala wa Saude kira. Ta ce a miƙo mata mayafinta da takalmanta, a nemo mai adaidaita, a kai ta kasuwa, teburin Garba. Ka san tun rasuwar Baba ba ta taka kasuwar nan ba.

Ban san ko rubutun nan zai riga ta isa ba. In ya riga ta, ka share mata benci, ka kori yaran da ke zuga ka, ka tanadi abin da za ka ce mata, don ban bar maka ƙarya ko ɗaya da za ka tsaya a kai ba. In ita ta riga shi, to ka ji komai, kuma na san yanzu duk duniya ba wanda ka tsana kamar ni. Ka tsane ni. Ka daina ambaton sunana har baɗi. Ka ce wa mutane ƙaninka munafuki ne, ya kai ƙararka wurin uwa kamar yaron goye. Zan ɗauka duka. Sai kana da rai za ka iya gaba da ni, kuma iyakar abin da nake nema ke nan.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya yafe mana ƙaryar da muka yi mata, ni da ku. Allah ya warkar da cikinka, ya ba ka haƙurin jin kalangu ana yi wa wani. Allah ya raya Ummi a gaban ubanta. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ilu kuma Allah ya shirye shi, ya raba hannunsa da igiyar kowa. Amin.

Ƙaninka, ko ka so ko ka ƙi,
Mudi,
daga bayan sito, Deira, Dubai.